Abin da Aiki a Mahaɗar Kafanchan Ya Koya Mini

Na fara aikin reluwe a ƙananan tashoshi, irin waɗanda jirgi ke tsayawa na 'yan mintoci ya sauke mutum biyu ya wuce, kafin a mayar da ni Kafanchan a ƙarshen shekarun 1970. A ƙaramar tasha hankalin ma'aikaci yana kan jirgi ɗaya ne, ko dai mai zuwa daga kudu ko mai zuwa daga arewa. A Kafanchan kuwa hanyoyi uku ne suka haɗu: wadda ta taso daga Fatakwal ta biyo ta Inugu da Makurɗi da Lafiya, da wadda ta nufi Kaduna inda take haɗuwa da layin Legas zuwa Kano, da kuma wadda ta hau tudu zuwa Kuru da Jos. Duk jinkirin da aka samu a ɗaya daga cikinsu, sai ya biyo dogo ya iske sauran biyun a gabanmu.

Tsofaffin ma'aikatan da na tarar ba sa koya wa sabon zuwa aiki sai sun fara gaya masa dalilin kafa tashar, kuma daga baya na ga hikimar hakan. Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa layin gabas ne saboda kwal ɗin da aka gano a Inugu, ya isa can daga Fatakwal a 1916, sannan aka ci gaba da tura shi arewa har aka haɗa shi da Kaduna da Jos ta Kafanchan a 1927. Babban abin da ake nema shi ne kuzar Jos, wadda kafin nan ake fitarwa ta wani siririn layi da ya haɗa Jos da Zariya, wanda aka rufe a 1957. Gadar Makurɗi ma ba a buɗe ta ba sai 1932, don haka a shekarun farko a jirgin ruwa ake ƙetarar da taragu a kogin Binuwai. Da aka miƙa layi daga Kuru ta Bauci da Gombe har ya isa Maiduguri a 1964, sai kayan arewa maso gabas suka ƙaru a kan nauyin da mahaɗar ke ɗauka. Garin da kansa layin dogo ne ya bunƙasa shi a ƙasar ƙabilar Fantswam, domin aikin reluwe ya tara Ibo da Yarbawa da Hausawa da mutanen yankin a unguwanni da kasuwa ɗaya.

Abu na farko da na koya shi ne cewa layin guda ɗaya ne tsakanin kowace tasha da ta gaba da ita, saboda haka jirage biyu ba za su shiga tsakanin tashoshin nan a lokaci guda ba. Kafin a sallami jirgi, sai an yi magana da tashar gaba ta na'ura, sun amsa cewa hanya a buɗe take, sannan a ciro wata alamar ƙarfe ta izini a miƙa wa direba. Na'urar ba ta sakin alama ta biyu sai an mayar da ta farko a ɗaya ɓangaren. Direban da ba ya riƙe da ita ba ya motsawa, ko da shugaban tasha ne da kansa ya ɗaga masa koriyar tuta. Duk abin da ya faru kuma ana shigar da shi a babban littafin tasha tare da lokacinsa, kuma wanda zai karɓi aiki ba ya sa hannu sai ya karanta abin da na gabansa ya rubuta.

Da farko na ɗauki wannan a matsayin tsanani da ɓata lokaci, musamman da dare, in fasinjoji sun gaji suna ta tambayar abin da ake jira. Amma Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma ban taɓa ganin inda wannan magana ta zauna daram kamar a mahaɗar jirgi ba. Mai juya ƙarfen sauya layi ba ya cewa yana tsammanin ya juya, sai ya duba da idonsa ya ga bakin ƙarfen ya manne, ya kulle shi, sannan ya ba da alama. Na ga ranar da wani dattijo a cikin masu wannan aiki ya ƙi ba da hanya ga jirgin kaya saboda tsakuwa ta maƙale a bakin ƙarfen, wadda daga nesa ba wanda zai lura da ita. An yi ta ƙorafin jinkiri, shi kuwa bai ce uffan ba har ya cire ta ya sake gwadawa.

Aiki mafi wuya shi ne rarraba taragu. Jirgin kaya yakan iso daga kudu da taragun Jos da na Maiduguri da na Kano a cakuɗe, dole a kwance su, a tura kowanne layinsa na ajiya, a sake haɗa su bisa tsarin da za a sauke su a gaba. Wanda ya sa taragon tashar farko a tsakiya ya jawo wa abokan aikinsa na can wahalar awanni. Ga kuma lissafin nauyi, domin hawan da ke tsakanin Kafanchan da tudun Jos ba ya ɗaukar yawan kayan da inji zai ja a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, don haka wani lokaci sai an rage taragu su jira jirgi na gaba. A nan ne hukuncin ma'aikaci ke bayyana. Jirgin fasinja yana gaba da na kaya, wannan doka ce, amma a cikin kayan ma gyaɗa da auduga da fatu suna iya kwana, alhali shanun da ke tsaye a tarago cikin rana ba za su jure ba. Na koyi duba abin da ke cikin tarago kafin in duba lambarsa.

Zirga-zirgar ta ragu a gaban idona, yayin da manyan motoci suka kwashe kaya, injina suka tsufa, ciyawa ta rufe wasu layukan ajiya. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 faɗinsa milimita 1,435 ne, namu kuwa 1,067, don haka taragon wannan ba ya hawa wancan. A 2021 an ƙaddamar da aikin gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri, wanda dole ya ratsa Kafanchan. Abin da nake fata masu aikin su kula da shi shi ne layukan ajiya da na kaucewa, su kasance masu tsawon da zai ɗauki cikakken jirgi, sannan a haɗa matasan da za a ɗauka da tsofaffin masu rarraba taragu da suka rage a garin, tun suna da ƙarfin tsayawa a filin tasha su nuna musu aikin.