Takardu 70 da na cike a gindin darbejiya

Ranar Juma'a bayan isha'i na shiga gidan ƙanwata, na tarar da 'yarta zaune a tabarma da wayoyi huɗu jere a gabanta: tata, ta uwarta, ta yayanta, da wata da ta aro a maƙwabta. Ta ɗauki wannan ta latsa, ta ajiye, ta jawo waccan. Ajin ƙarshe take a sashen nazarin zamantakewa, firojek ɗinta kuma a kan abin da ke sa 'yan mata talla ne maimakon zuwa makaranta. Na ce, "Ke kuwa me ake yi haka?" Ko ɗar ba ta ji ba, ta ce, "Kawu, Google Form ne, takardar tambayoyin bincikena ta intanet. Na tura ta WhatsApp, mutum 43 kawai suka cike, malam kuma ya ce sai 384. Shi ne nake ƙarasawa."

Na buɗe baki zan yi faɗa, maganar ta maƙale mini a wuya. Abin da take yi da waya, ni da biro na yi shi.

Lokacin ina ajin ƙarshe, bincikena a kan sana'o'in matan aure ne a karkara. Na buga tambayoyi a tafireta, aka gurza mini kwafi 200, na tafi wani ƙauye a ƙasar Katsina da tsakiyar bazara. Dagaci ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya haɗa ni da yaron da zai zaga da ni. Abin da ban yi tunani ba tun daga makaranta shi ne, ni saurayi ne baligi, gidajen kuwa ba shiga. Sai dai in yi sallama a zaure, maigida ya fito, in tambaye shi a madadin matarsa. Tambaya ta bakwai ita ce ko matar tana da sana'a. Amsar kusan ɗaya ce ko'ina: "A'a, tana gida, ni nake ci da ita." Wane magidanci zai gaya wa baƙo mai takarda da biro cewa da kuɗin matarsa ake yin cefane? Wasu sun zaci maganar haraji ce, wasu sun sa ran rabon taki. Ni dai ina ta sa alama a kan "ba ta da sana'a".

Akwai zauren da ban taɓa mantawa ba. Muna zaune da maigidan, ƙamshin man gyaɗa ya cika wurin, ana jin luguden turmi daga ciki. Sai ga yarinya ta fito da faranti shaƙe da ƙuli-ƙuli a ka, ta rusuna ta gaishe ni, ta wuce talla. Na amsa gaisuwarta, na sunkuya na rubuta cewa uwarta ba ta komai.

Kwana biyar na cike 130. Garin kwakina ya ƙare, kuɗin mota kaɗai ya rage. Na zauna a gindin wata darbejiya kusa da tasha na cike sauran 70 da kaina, ina sauya biro, shuɗi da baƙi, ina sauya rubutu, har ina ɗan yamutsa takardun don su yi kama da waɗanda suka sha hannu. Na ci jarrabawa lafiya lau.

To, a yi mini adalci. A makaranta ba wanda ya ba ni ko sisi na bincike. Malamina yana duba ɗalibai da yawa, bai taɓa tambayata yadda namiji zai ji ta bakin matan kulle ba. Kuma ba ni kaɗai ba ne, a ɗakin kwananmu kowa ya san ana yi. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa 70 ɗin ba su sauya komai ba, tunda abin da 130 suka faɗa shi na maimaita. Amma 130 ɗin ma ai ƙarya ce, ƙaryar da na ji ƙamshinta na kau da kai. Abin da ya fi ci mini rai, kuɗin gurza takardun nan daga adashin mahaifiyata ya fito. Tana cikin kulle, ƙosai take toyawa, ƙannena ke kai shi bakin masallaci da safe. Da kuɗin sana'arta na rubuta cewa irinta ba su da sana'a. Har Allah Ya karɓi ranta ban iya gaya mata ba.

Ba kuma don ba a sani ba. Polly Hill, Baturiyar da ta zauna a Batagarawa, tun 1969 ta yi rubutu a kan cinikin da matan Hausawa ke yi daga cikin gida ta hannun yara, har ta kamanta gidajen da kasuwa mai tsarin saƙar zuma. Kafin ita, Mary Smith ta zauna da tsohuwa guda ɗaya, Baba ta Karo, a ƙasar Zazzau daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, tana saurare tana rubutawa. Mace ɗaya, amma har yau ana koyon rayuwar matan Hausawa daga bakinta. Ni da 200 ɗina me na ƙara? Shekaru bayan nan na ga aikin wani ɗalibi ya ɗauko adadina, ya ce "kamar yadda bincike ya tabbatar". Ranar ban yi barci ba.

Na so in zauna in jera muku shawarwari, 'yan baya, amma da na duba, ba su da yawa. Kada ku cike wa kowa amsa. In 43 kuka samu, ku rubuta 43. Wannan 384 da ake tsorata ku da shi daga jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 yake, wanda ke nuna yawan mutanen da ya kamata a tambaya a bincike, kuma yana da amfani ne in an zaɓo mutanen ta hanyar ƙuri'a, ba in abokan WhatsApp ɗinku ne suka latsa ba. Ku gaya mini, wace mai tallar gyaɗa ce ke da data? Kuna tambayar masu waya a kan rayuwar marasa waya, ku zuba a SPSS, manhajar lissafin alƙaluma, ku zana teburi, wai kun yi bincike. Mu da muka yi ha'inci aƙalla rana ta dake mu. Ku ko ƙofar gida ba kwa son fita, komai sai a kwance. Haba!

Ku ajiye takardar tambayoyin nan, ku je ku zauna da mutane. A'a, kada ku ajiye ta, malamanku ba za su sa hannu ba, kuma ƙirga yana da ranarsa. Amma ku fara zama tukuna, ku ji yadda mutane ke kiran abin da bakinsu, sannan ku rubuta tambaya. In ba za ku iya isa ga waɗanda maganar ta shafa ba, ku sauya batu tun da wuri. Da ni aka gaya wa haka, da ban ji ba, na sani.

Na ce wa 'yar ƙanwata, "Ke mace ce, gidan da ya gagare ni ke da sallama ɗaya za ki shige har ɗaki. Ga masu talla nan a tasha, ki sayi gyaɗarsu, ki bi su ki gaida iyayensu." Ta yi shiru, sannan ta ce, "To Kawu, in na kai 43 malam ya kayar da ni fa?" Ban sami amsar da zan ba ta ba. Na dai ce ranar Asabar zan zo da mashin in kai ta tasha, ta ce to. Da na yi wa uwarta sallama na fito, wayoyin huɗu suna nan jere a kan tabarma, ba ta mayar da ta maƙwabta ba.