Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Giyar da Ta Ƙone a Hawan Kibo

A makon jiya na tsaya ne a inda maigidana ya ɗauke ni daga ɓangaren burki ya mayar da ni ɓangaren giya, bayan na shekara uku a garejinsa da ke Jos. Aikin farko da ya sa ni a kai shi ne na wata Toyota Hilux mai injin dizal na lita uku da giyar otomatik mai hawa huɗu, wadda wani Alhaji yake ɗauko doya da ita daga Lafiya, ya biyo ta Akwanga ya hau Hawan Kibo sau biyu a mako.

Alhaji ya zo yana yabon motarsa, yana cewa giyarta tana shiga da laushi har mutum ba ya jin ta canza, abin da ya dame shi kawai shi ne idan ya kama hawa da lodi sai injin ya yi ta ruri, motar kuwa ba ta ci gaba yadda ya kamata. Maigidana ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan laushin da kake yabo shi ne ciwon." Ya juyo gare ni ya ce, "Kai yaro, zaro sandar awon mai ka sansana." Na zaro na goga a farar takarda, sai ga man da ya kamata ya zama ja garau ya koma ruwan ƙasa mai duhu, yana ƙauri kamar tuwon da ya kama a tukunya.

Da muka kwance kaskon da ke ƙarƙashin giyabos ɗin, muka tarar da maganaɗisun da ke ciki sun lulluɓe da baƙar laka, matatar mai kuma ta toshe da garin kuloci. A nan ne maigidana ya zaunar da ni a kan tsohuwar taya ya yi mini bayanin da har yau nake aiki da shi. Matsin mai ne yake damƙe faifan kuloci a cikin giyar otomatik, famfon da ke samar da matsin kuwa da juyin injin yake tafiya. Injin dizal yana ba da cikakken ƙarfinsa tun yana juyawa a hankali, wato daidai lokacin da famfon bai gama tara mai ba, saboda haka idan kuloci ya ɗauki lokaci kafin ya kama, zamewa yake yi a ƙarƙashin babban nauyi. Zamewar ita ke haifar da zafi, zafin ya dafa mai, man da ya dahu kuma ya taurara robobin da ke riƙe matsi, sai zamewar ta ƙaru. Mai da ya kamata ya zauna a wajen digiri 80 yakan wuce 120 a irin wannan hawa, musamman a watan Maris da Afrilu.

Mun kwana shida a kan aikin. Muka sauya faifan kuloci da robobi da matata, muka wanke gidan bawul, wato inda ake rarraba matsin mai zuwa kowane kuloci, rami bayan rami, muka gwada solonoid, wato bawul mai aiki da lantarki, da wanda ke canza giya da wanda ke kulle konbata, na'urar da ke miƙa ƙarfin injin ga giyabos ta hanyar mai. Sannan maigidana ya ƙara matsin mai kaɗan, ya kuma ja mini kunne cewa wanda ya zarce a nan zai ceci kuloci ne ya karya ƙarfe, domin giyar da ke shiga da duka tana cin shaf da haƙoran giya. A gaban lagireto muka ɗaura ƙarin na'urar sanyaya mai, yadda mai zai fito daga ta asali da ke cikin lagireto ya bi ta sabuwar kafin ya koma giyabos. Mai kuwa mun zuba Toyota T-IV da aka rubuta wa motar, ba wanda ake aunawa a galan a bakin titi ba, wanda a ganina ya kashe giya a ƙasar nan fiye da rashin kyawun hanya. Mun kuma wanke tiyo da konbata, tunda juye ta ƙasa ba ya fitar da ko rabin tsohon man.

Ranar gwaji Alhaji ya ɓata rai tun kafin mu bar gari, ya ce yanzu yana jin kowace giya tana shiga. Maigidana bai yi masa musu ba, sai da muka gangara muka juyo muka kama hawan, ya ce masa ya danna maɓallin da ke kashe giya ta huɗu, domin kada motar ta riƙa kai da komo tsakanin ta uku da ta huɗu. Ina zaune a baya ina kallon allurar juyin injin, na ga ta tsaya wuri ɗaya har muka kai sama, babu ruri babu ƙauri. Alhaji bai ce uffan ba, amma da muka dawo gareji ya kira ni gefe ya tambaye ni bayan kilomita nawa zai kawo ta juye.

Bayan wata biyu ya aiko mana da motar ƙaninsa, wadda ruwan lagireto ya shiga man giyarta har ya koma kamar madara. A kanta za mu tashi a mako mai zuwa, in Allah ya yarda.