Tirelar dawaki: abin da na duba kafin na saya

Alhamdulillahi, na samu tirelar da zan riƙa ɗaukar dawakina, amma zaɓen bai zo da sauƙi ba.

Duk wadda aka nuna mini, fenti ba ya gabana, shimfiɗar robar ƙasa nake fara ɗagawa. Fitsarin doki yana bi ta ƙarƙashinta ya kwanta, a hankali ya ruɓar da katako ko ya ci ƙarfen. Akwai wata da ta burge ni daga waje, sai na danna sukundireba a katakon da ke kusa da ƙofar baya, ya shige ba tare da na sa ƙarfi ba. Da na tuna dabbar da za ta tsaya a wurin tana iya kai kilo 500, mota kuma tana gudu, wallahi jikina ya yi sanyi.

Sai cikinta. Doki ba ya son wuri mai duhu da matsi, shi ya sa wasu ke turjewa a bakin ƙofa, ba taurin kai ba ne. Na nemi mai haske da tagogin shigar iska, wadda zai ɗaga kai bai bugi rufi ba, kuma ya samu sunkuyawa, domin da hakan yake fitar da ƙura da majina a doguwar tafiya.

Na haɗa nauyin tirelar da na dawaki biyu da sirdi da ruwa, na tabbatar motata za ta iya ja. Birkin tirelar na kama. Tayoyin kam sun tsattsage saboda daɗewa a ajiye, duk zan canza su kafin doki ya hau.