Layi Takwas: Abin da Wani Tsohon Faifan Landan Ya Koya Mini

Ina shekarata ta biyu da fara koyon haɗa sauti na riƙe waƙar wani bawan Allah har mako bakwai. Waƙar biki ce, ba wata mai wahala ba. An ɗauki murya, an buga fiyano, 'yan amshi sun yi nasu sun karɓi kuɗin mota sun kama gabansu. Abin da ya rage kawai in daidaita in miƙa masa. Amma duk ranar da na buɗe kwamfuta sai in ji wani abu bai zauna ba, sai in ƙara layi, wato gurbin da ake ɗora sauti guda a kai: ganga a kan ganga, sarewa ta biyu, tafi kala uku. Kafin in ankara layukan sun haura sittin. In mai waƙar ya bugo waya, amsata ɗaya ce, wai makirufonmu ne ba shi da kyau, ina ta fama in rufa masa asiri.

Maigidana dattijo ne, ya yi aikin rediyo tun zamanin da ake yanka zaren ɗaukar magana da reza a liƙe shi. Bai yi mini faɗa ba. Wata Laraba an ɗauke wuta, muna zaune a bakin shago muna jiran yaron da aka aika sayo man janareta, sai ya ciro wayarsa ya kunna wata tsohuwar waƙar Turawa, ya miƙo mini abin sa wa a kunne.

"Ƙirga mini abubuwan da ke ciki."

"Ranka ya daɗe, ni fa ba na kama Turancin waƙa sosai."

"Ban ce ka fassara ba, yaro. Ƙirgawa na ce."

Na ƙirga. Bugun ganga mai nauyi da ba ya sauya taku, wani kiɗan na'ura da ke kai da komo tsakanin kunnen dama da na hagu, muryar mace guda, muryoyinta da ta jera a baya, wani ƙaras-ƙaras kamar ana taɓa kwalba. Ban cika yatsun hannu biyu ba na tsaya, don babu sauran abin ƙirgawa. Kuma waƙar ta cika kunne taf, ta fi tawa mai layi sittin nauyi nesa ba kusa ba. Maigida ya karɓi wayarsa ya ce, "A layi takwas aka yi ta. Je ka nemi labarinta." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Waƙar ita ce Sweet Dreams (Are Made of This), kuma sunan kundin da ta fito a ciki ke nan, na Eurythmics, wato Annie Lennox 'yar Aberdeen ta Sikotilan da Dave Stewart ɗan Sunderland a arewacin Ingila. Kundin ya fito a Janairun 1983. Na shafe dare da yawa ina bin yadda aka yi shi, kuma abin da ya fara ba ni mamaki shi ne mutanen nan ba sababbin shiga ba ne, faɗaɗɗu ne. Sun taɓa zama cikin wata ƙungiya mai suna The Tourists, wadda ta ɗan yi tashe a 1979 sannan ta watse a 1980. Su biyun kuma a da masoya ne, soyayyar ta mutu, suka ci gaba da aiki tare, abin da ni dai ban san ko zan iya ba. Kundinsu na farko, In the Garden, sun je har Jamus suka yi shi a situdiyon Conny Plank da ke kusa da Kolon, mutumin da ake ji da shi a harkar. Ya fito a 1981, bai yi kasuwa ba.

A nan na fara jin kunya. Kundin da suka yi a babban wuri, a hannun gwani, da kayan da nake mafarkin taɓawa, shi ne ya faɗi. Bayansa suka ci bashin banki na fam 5,000, suka sayi na'urar ɗaukar sauti mai layi takwas da 'yan kayayyaki kaɗan, suka kafa su a wani ɗaki a saman wurin da ake yin firam na hotuna a unguwar Chalk Farm da ke arewacin Landan. Adam Williams, wanda ya taɓa kaɗa wa ƙungiyar The Selecter, ya taya su aikin. A ƙarƙashinsu zarto ne ke ta kuka ana yankan katako. Da na karanta wannan sai na tuna yadda nake ɗora wa mai injin niƙan bayan shagonmu laifin rabin matsalolina.

Sai an san yadda layi takwas ke aiki sannan a gane nauyin maganar maigida. Zaren yana da hanyoyi takwas ne rak, kowace hanya tana ɗaukar abu guda. Ganga ta ci ɗaya ko biyu, kiɗan ƙasa, wato mai kaurin sauti, ya ci ɗaya, na'urorin kiɗa su ci biyu, murya ta ci ɗaya, ga wuri ya kusa ƙarewa ba a zo kan muryoyin baya ba. In kana son ƙari, dole ka haɗa layuka uku ko huɗu ka juye su cikin guda, sannan ka goge na asalin ka sake amfani da gurbinsu. Da zarar ka goge, bakin alƙalami ya bushe. In gobe ka ji gangar ta yi yawa, ba yadda za ka rage ta ita kaɗai, ta riga ta cuɗe da sauran kamar gishiri a miya. Kowane juyi kuma yana rage tsabtar sauti, yana ƙara shuu ɗin zare. Saboda haka mai layi takwas ba ya ƙara abu don kawai ya ga yadda zai kasance. Kafin ya taɓa maɓalli sai ya tambayi kansa: wannan abin ya cancanci gurbi? In bai cancanta ba, waje.

Ni kuwa kwamfutata ba ta taɓa yi mini wannan tambayar ba. Layi ɗari ma za ta ba ni, ga maɓallin koma-baya da ke goge kowane kuskure. Na ɗauka gata ne. Ashe abin da nake yi mako bakwai ba gyara ba ne, gudun yanke shawara ne. Tafi kala uku ɗin nan, ba don waƙar na buƙatar uku na bar su ba, don na kasa zaɓar ɗaya ne. Sarewa ta biyu na sa ta ne don ban yarda da ta farko ba, kuma ban yi ƙarfin halin cire ta ba. Kowane layi da na ƙara wata tambaya ce da na ƙi amsawa, na tura ta gaba, har tambayoyin suka taru suka danne muryar mai waƙar. Makirufon, Allah sarki, bai san hawa ba bai san sauka ba.

Yadda ita kanta waƙar Sweet Dreams ta samu ma akwai abin lura. Su biyun sun ba da labarin cewa ranar sun yi rigima, Lennox na kwance a ƙasa ranta a ɓace, tana ganin harkar ta ƙare musu. Stewart na ta wasa da wata na'urar buga ganga da suka saya, sai wani bugu ya fito tare da kiɗan na'ura. Ta miƙe ta nufi ɗaya na'urar ta ɗora nata kiɗan a kai, kalmomin suka biyo baya. Kalmomin na mai fid da rai ne, duk da sunan waƙar yana maganar mafarki mai daɗi, har sai da Stewart ya kawo shawarar a saka wani ɗan sashe mai ƙarfafa gwiwa a tsakiya. Ba su jira ranar da hankali zai kwanta ba, ba su jira a sayi abin da babu ba. Abin da ke ɗakin da halin da suke ciki, da su aka yi.

Amma ba na son in mai da labarin tatsuniya, irin wadda ake cewa talauci ne sirrin fasaha. Ƙarya ce, kuma wanda ya taɓa rasa aikin yini guda saboda wuta ta ɗauke bai adana ba ya san ƙarya ce. A wannan ɗakin dai, da waɗannan kayan dai, suka fitar da waƙoƙi uku a 1982 kafin wadda ta ɗaga su. This Is the House da The Walk ba su je ko'ina ba. Love Is a Stranger ta tsaya a lamba 54 a jadawalin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya. Layi takwas bai hana su faɗuwa sau uku a jere ba. Kuma suna da abin da yawancinmu ba mu da shi: kamfanin faifai na RCA na bayansu, akwai bankin da zai saurari mawaƙa ya ba su bashi. Ni in na shiga banki na ce a ranta mini in sayi mikisa, wato na'urar haɗa sauti, ko kujera ba za a nuna mini ba.

Shi kansa kamfanin bai ga alamar nasara a waƙar Sweet Dreams ba. Hujjarsu ita ce ba ta da amshi irin wanda aka saba. Gaskiya in da ina wurin da na goyi bayansu, don ni a kunnen da aka rene ni, waƙa ba amshi kamar tuwo ba miya ce. Sai da na saurara sau da yawa na gane amshin yana nan, kawai ba a bakin mutum yake ba, yana cikin kiɗan nan mai kai da komo. Shi ne ke dawowa, shi kunne ke jira, kamar yadda ɗan gajeren zagayen kalangu ke riƙe waƙa tun daga farko har ƙarshe mawaƙi na yawo a kansa. Masu kamfani sun nemi amshi inda suka saba ganinsa, ba su same shi ba, suka ce babu. Stewart ya sha faɗin cewa wani mai gabatar da shiri a gidan rediyo a Cleveland ta Amurka ne ya dinga sa waƙar daga cikin kundin, masu sauraro suka yi ta bugo waya, sannan kamfanin ya farka.

Daga nan abin ya tafi kamar wutar daji. Waƙar ta kai lamba 2 a Birtaniya, ta hau lamba 1 a Amurka a Satumban 1983, kundin ya kai lamba 3 a Birtaniya. Bidiyon ya taimaka ƙwarai, don lokacin tashar talabijin ta MTV mai nuna bidiyon waƙoƙi na ganiyarta: ga mace da gashi a aske gajere an rina shi ruwan lemo, sanye da kwat irin ta maza, ga kuma saniya na yawo a ciki. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Love Is a Stranger. Da aka sake fitar da ita a 1983, waƙar nan dai da ta maƙale a 54, ba a sake ɗaukarta ba, sai ga ta a lamba 6. Sautin bai canja ba, kunnuwan jama'a ne suka juyo. Kafin shekarar ta ƙare sun fitar da wani kundin, Touch, wanda ya kai lamba 1 a Birtaniya. A 2023 kuma Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sa waƙar Sweet Dreams cikin sautukan da yake adanawa don tarihi, aikin da aka yi a saman masu yankan katako.

Maganar 54 da 6 ɗin nan ta sauke mini wani kaya da ban san ina ɗauke da shi ba. Wani ɓangare na jinkirina tsoro ne, ina ganin in waƙar ba ta karɓu ba laifina ne, in na ƙara mako guda wataƙila in gano abin da zai sa ta karɓu. Alhali karɓuwa tana hannun mai sa waƙa a rediyo, da mai ɗaukar bidiyo, da lokaci, da rabo. Babu ko ɗaya cikinsu da ke cikin kwamfutata. Nawa shi ne in zaɓi tafi ɗaya.

Ranar Asabar na zo da sassafe kafin mai niƙa ya tayar da injinsa. Na ɗauki takarda na rubuta ɗaya zuwa takwas, na ce duk abin da bai samu gurbi a nan ba ya tafi. Murya, amshi, ganga, kiɗan ƙasa, fiyano, sarewa ɗaya, tafi ɗaya. Gurbi na takwas na daɗe ina kallonsa, na rasa abin da ya cancanta, na bar shi fayau. Sauran layukan ban kashe su kawai ba, goge su na yi, don na san halina, in suna nan zan koma musu. Hannuna har rawa yake. Kafin azahar na gama.

Maigida ya saurara sau ɗaya, ya ce in ɗan ɗaga muryar a baiti na biyu, ya fita alwala. Mai waƙar ya zo da yamma da fushinsa na mako bakwai, ya zauna ya ji, fushin ya ɗan sauka. Ya ce ta yi, amma shi da zan ƙara masa ganga kaɗan da ya fi so, don a filin biki za a sa ta. Na ce to, na ba gangar gurbi na takwas. An sa ta a bikin, an yi rawa, bayan nan ban sake jin ta a ko'ina ba. Makirufon kuwa har yanzu shi muke amfani da shi, kuma har yanzu ina tara kuɗin sabo.