Tattaki da Ƙwaƙwalwa: Iya Abin da Bincike Ya Nuna

Duk lokacin da na karanta cewa motsa jiki yana kare ƙwaƙwalwa, nakan dakata in tambayi kaina yadda aka gano hakan. Ganin cewa dattawa masu yawan tafiya a ƙasa ba su cika mantuwa ba bai isa hujja ba, domin mai yiwuwa ne wanda ƙwaƙwalwarsa ta fara rauni shi ne ya daina fita, tun kafin likita ya gano ciwon.

Shi ya sa hankalina ya fi kwanciya da binciken da wani masanin ƙwaƙwalwa, Kirk Erickson, ya jagoranta a 2011 a Amurka. An raba dattawa 120 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu suna tattaki sau uku a mako, wasu kuma suna miƙe gaɓoɓi kawai. Bayan shekara guda, sashen ƙwaƙwalwa mai adana abin da aka koya ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin ɗari ga masu tattaki, ya kuma ragu ga sauran.

Sai da na sake karantawa, alƙalami a hannu, na lura cewa dukkan rukunonin biyu sun samu ci gaba a gwajin tuna abubuwa, kuma binciken bai auna ciwon mantuwar tsufa ba.