Godiyarmu ga duk wanda ya riƙe mana Auta

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Tun ranar Litinin nake neman zarafin rubuta wannan, gajiyar walima ta hana ni. Ga wanda labari bai kai gare shi ba: autan ƙanwata, mai shekara 19, ya sa hannu a kwantiraginsa na farko da wani kamfanin rawar bale, wato rawar dandamali ta Turawa mai tsalle da tsayuwa kan yatsu, a nan Faransa, kuma daren Asabar da ta wuce mun je da ƙafarmu mun gan shi a kan dandamali. Alhamdu lillahi. Ƙanwata ta ce ni ne babba, ni zan yi godiya a madadin gida. Na ce to, amma bari in fara tona wa kaina asiri kafin wani ya riga ni.

Ni ne na fi kowa ƙin abin nan. Ranar da uwarsa ta kira ni ta ce wata malama ta ga yadda yake tsalle a filin makaranta, har ta ba da shawarar a kai shi makarantar kiɗa da rawa ta gari, dariya na yi. Lokacin shekararsa 8, mahaifinsa bai cika shekara biyu da rasuwa ba, Allah ya jiƙansa. Na ce mata maraya ne, karatu za a sa masa a gaba, in motsa jiki yake so ga ƙwallo nan. A gidanmu na Damagaram ba mu gaji kiɗa ba, ba mu gaji roƙo ba, me za mu ce wa baffanninsa? Ta yi shiru kamar ta ji. Bayan wata uku na je gidan, sai ga wani ɗan takalmin yadi mai laushi kamar safa an wanke an shanya a bakin taga. Nan na san an gama magana ba da ni ba.

Don haka godiyar farko, bayan Allah, taki ce ƙanwata. Ƙarfe biyar na asuba kike fita sharar ofisoshi, ki dawo ki ɗauki yaro ku hau bas biyu, Laraba da Asabar, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Kin zauna a barandar makarantar nan shekara da shekaru da lulluɓinki, cikin iyayen da wasunsu ko gaisuwa ba sa amsawa. Kuɗin makaranta da sauƙi, tunda gwargwadon samun gida ake yanke wa kowa, amma takalmin da ke hujewa kowane 'yan makonni da kuɗin jirgin ƙasa zuwa gwaji a wasu garuruwa, waɗannan daga bakinki kika cire su. Matan adashinku kuma, sau biyu kuka bar mata ɗauka alhali ba layinta ba ne. Ba mu manta ba.

Yadda aka yi na sauko, ba wa'azi aka yi mini ba. Yana shekara 13 aka ce in je in ɗauko shi, na isa da wuri, na tsaya ina leƙe ta gilashin ƙofa. Ɗaki ne mai faɗi, madubi ya cinye bango ɗaya, ga wani dogon katako an kafa a jikin bango daidai ƙugu, yara sun dafa shi a jere, wani dattijo yana kaɗa musu fiyano. Ni da na zata tiƙar rawa zan gani, sai na tarar da horo irin na soja. Malamar tana faɗin plié, su lanƙwashe gwiwa. Ta ce tendu, su miƙe ƙafa har yatsu su zama kamar bakin mashi. Ta zo kan Auta, ta sa yatsa ɗaya ta juya masa diddige, ta ce sake. Ya sake. Na ƙirga har sau goma sha bakwai, ni dai ban ga bambanci ba, ita tana gani. Da aka koma tsakiyar ɗaki aka fara tsalle, gumi ɗiga yake daga haɓarsa zuwa ƙasa. Na fi shekara ashirin ina dakon kaya a sito, na san gumin wasa, na san na aiki. A mota ya cire safa, na ga yatsunsa duk kanta da ɓawon ciwo. Ban ce komai ba, na dai tsaya a kanti na sayo masa ƙanƙara ya ɗora.

A hanyar nan ne ya ba ni labarin da har yau nake tsokanar abokaina da shi. Ya ce, “Kawu, ka san sarki ne ya kafa abin nan?” Wai Sarki Luwi na 14 na Faransa da kansa yake shiga rawa, ya fito a matsayin rana a 1653 yana ɗan shekara 14, kuma a 1661 ya kafa makarantar rawa ta masarauta a Paris. Shi ya sa ko a Rasha ko a Japan aka shiga ajin bale, da Faransanci ake kiran sunan kowane taku. Na ce masa a wajenmu dai sarki kallo yake yi, a yi masa.

Malamarsa ta farko, ba na jin za ta karanta Hausa, amma ɗiyata ta yi alkawarin fassara mata. Madam, mun gode. Ke kika ce icen nan tun yana ɗanye za a tanƙwara shi, ke kika cika mana takardun da suka sa ya shiga ajin da ake raba yini, safe boko, yamma rawa. Abin da na fi gode miki a kai shi ne ba ki taɓa yi mana daɗin baki ba. Kin ce cikin yaran da suke farawa kaɗan ne ƙwarai suke cin abinci da ita, kada ya saki littafi. Bai sake shi ba, ya ci jarrabawar gama sakandare.

Shekarar da ya kai 16 ita ce ta wahala. Wani ƙaramin ƙashi a tafin ƙafarsa ya tsage saboda yawan dira, aka hana shi tsalle wata huɗu. A cikin shekarar kuma wata babbar makaranta ta mayar da shi bayan gwaji, da wasiƙa mai layi uku. Ya kulle kansa a ɗaki, ya ce ya bari. Abin mamaki, ni da na yi shekaru ina jiran wannan magana daga bakinsa, ni ne na zauna a bakin gado ina lallashi. Muna godiya ga matar da ta yi ta gasa masa ƙafar tana motsa masa gaɓoɓi a asibiti, da maƙwabcinmu ɗan Mali da ya riƙa kai shi a motarsa ba tare da karɓar ko kuɗin mai ba. Cikin wannan jinya ne, a watan Maris 2023, aka naɗa Guillaume Diop, wanda mahaifinsa ɗan Senegal ne, tauraro a Opera ta Paris, babban gidan rawar bale na Faransa, muƙami mafi girma ga mai rawa a gidan, kuma shi ne baƙar fata na farko da ya samu. A birnin Seoul na Koriya ta Kudu aka sanar, bayan an gama wasa. Auta ya kalli hoton bidiyon nan ya fi a ƙirga. Da safe na ji motsi a kicin, na leƙa, ya dafa bayan kujera yana plié da ƙafa ɗaya.

To, daren Asabar. Wasan da aka saba yi duk Disamba ne, Casse-Noisette, mai rundunar ɓeraye a labarinsa, wanda makaɗin Rasha Tchaikovsky ya yi wa kiɗa aka fara nuna shi a 1892. Na sa babbar rigata ta shadda, na kafa hula, har mai nuna wurin zama sai da ta sake kallona. Aka ɗaga labule, muka yi ta baza ido. Can ƙanwata ta daƙile ni da gwiwar hannu ta ce ga shi nan. Na ce ina? Ta ce ɓera na uku daga hagu. Jama'a, shekara 11 ana fama, ashe kan ɓera za a kifa masa! Amma da ya yi tsalle na gane shi, don yana da wata 'yar tsayawa a sama kafin ya dira, kuma dirar ba ta ƙara. A kashi na biyu ya fito da fuskarsa, a layin baya, ya ɗaga abokiyar rawarsa sama kamar faifai ya ɗauka. Ƙanwata ta rufe fuska da gefen mayafi. Ni ma dai wani abu ya faɗa mini a ido.

Hajiya, Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Lokacin da surutu ya yi yawa a gida, ke kika kashe bakin kowa. Tambaya biyu kika yi ta waya: yana sallah? Ana biyan shi? Da aka ce e, kika ce to a bar miki mijinki ya nemi halalinsa. Shekaranjiya da muka tura miki hotunan, cewa kika yi kin ga kishiyoyin da yake ɗagawa, duk ba su da nama, ba za su tsorata ki ba.

Akwai 'yan uwa da har gobe ba su gamsu ba, saboda suturar da kuma cuɗanya da mata. Ban zo ba da fatawa ba, ba ni da ilminta, kuma ni kaina akwai abin da nake kau da kai in an zo kansa. Amma baffansa na Maraɗi ya kira yaron da kansa, ya yi masa nasiha tsakaninsa da shi, bai kai shi dandalin WhatsApp na dangi ba, ya kuma rufe da sa albarka. Mun gode da wannan dattako. Waɗanda suka riƙa jifan shi da wani suna tun yana ƙarami, mun yafe, shi ma ya ce ya yafe.

Addu'arku dai muke nema har yanzu. Kwantiragin na shekara ɗaya ne, kuma sana'ar gajera ce: ko a Opera ta Paris, shekara 42 ake ajiye ta, da yawa kuma gwiwa ko baya ke tsayar da su tun kafin nan. Allah ya tsare masa ƙafafunsa da addininsa.

Waɗanda suka cika mana gida ranar Lahadi, daga Lyon, daga Marseille, har da waɗanda suka kwana a hanya daga Beljiyam, Allah ya saka da alheri, ya mayar da kowa gida lafiya. Masu dambu da kwaɗon zogale, sannunku da aiki. Wanda ya kawo kilishin Damagaram, Auta ya ɓoye rabi a jakarsa, na gani. Akwai kular abinci biyu, ɗaya mai shuɗin murfi, da wani gyale ruwan toka da aka bari a gidan ƙanwata. Masu su su kira ta bayan la'asar, da safe tana wajen aiki.