Zubi na huɗu, sai yau butar shayin ta fito

'Yan uwa masu koyon fentin ruwa sannunku da ƙoƙari. Sati uku kenan ina fama da salon nan na zuba kala a kan takarda maimakon shafawa da burushi, takarda uku na ɓata kafin na gane inda matsalata take, kuma ashe ba a hannu take ba, a lissafi take.

Wanda bai taɓa gani ba, abin kamar lallen salatif ne. Yadda ake manna salatif a ƙafa a shafa lalle, in an ɓare wajen da aka rufe ya fito fari, to haka ruwan maskin yake aiki. Roba ce ta ruwa, da ɗan warin amoniya, ka shafa a inda kake son haske ya tsira, ta bushe, sannan ka kwarara kala. Bambancin kawai nan ba sau ɗaya ake yi ba. Ka rufe fari ka zuba, ya bushe, ka rufe mai bi masa a haske ka sake zuba wadda ta fi kauri, haka har ka kai duhu. Wato daga haske ake tafiya zuwa duhu, ni kuma kaina ya saba fara neman inuwa, shi ya sa na dinga rikicewa.

Wannan karon sai na ɗauki hoton tsohuwar butar shayinmu da kofuna biyu a kan tire, na mai da shi baƙi da fari a waya, na raba shi mataki huɗu, na sa lamba 1 zuwa 4 da fensir a kan zanen. Wallahi wannan ɗan aikin na minti ashirin shi ya ceci komai.

Takarda kuwa kar ku yi mata rowa. Ta farko mai arha ce, da na zo cire maskin sai ya taho da fatarta kamar ana fiɗa. Yanzu Arches nake amfani da ita, ta auduga, mai giram 300, akwai tsada kam, don haka nake yanka falle ɗaya gida huɗu. Na jiƙa ta, na shimfiɗa a katako na buga mata sitefula a gefe ta kwana, in ba haka ba za ta kumbura ruwa ya taru a kwari.

Kala uku kacal: rawaya, ja mai ruwan hoda irin kwinakiridon, sai shuɗin talo. Kowacce na dama ta a kofin roba sosai har ba gudaji. Na fesa ruwa a takarda, na fara da rawaya daga sama, ja a tsakiya, shuɗi ta ƙasa, na karkata katakon a kan baho ina kallon su suna haɗuwa da kansu, kore nan, ruwan goro can. Nan ne daɗin yake, kuma nan ne zuciya take cewa ƙara juyawa. Kar ku biye mata. A zubi na biyu na juya har ukun suka cakuɗe suka koma ruwan kwata. Shuɗin talo ɗin nan ma mugu ne, kaɗan yake cinye sauran, kuma har yanzu yana farcena.

Hunturu ya taimaka ya kuma cuce ni. Takarda na bushewa da wuri, amma maskin ma yana daskarewa a bakin burushi tun ban gama layi ba. Burushi biyu na rasa. Yanzu tsoho nake ɗauka in goga masa sabulu kafin in tsoma, ƙananan ɗigon hasken jikin buta kuma da tsinken sakace nake yi. Kada a girgiza kwalbar maskin, kumfa take yi, kumfar ta fashe ta bar ƙananan ramuka kala ta shige. Kada kuma a shanya takardar a rana ko a sa mata iskar diraya mai zafi, robar kama takarda take yi. Ni dai fanka, in akwai wuta.

Da safen nan na taɓa da bayan hannu na ji ba sanyi, na fara murza maskin da yatsa. Ƙanwata tana tsaye tana cewa wai na ɓata takarda da datti, sai ga hancin buta ya leƙo fari tas, ta yi shiru. Gefunan sun yi kaifi da yawa kamar an yanka da reza, zan bi wasu da ɗanyen burushi in tausasa, kuma mataki na 2 da na 3 sun yi kusa da juna don na manta fentin ruwa yana ƙara haske in ya bushe. Na gaba ƙofar zaure zan gwada, zubi na uku zan ninka kaurinsa.